Sunayen Matattu a Jikin Rayayyu

Bahaushe kan raɗa wa cuta suna ne daga halinta ko daga abin da ya ɗauka shi ne musabbabinta: sanƙarau don tana sanƙarar da wuya, shan inna don ana jingina ta ga iskar da ake kira Inna. Likitancin Turai kuwa ya daɗe da wata al'ada ta daban, wato laƙaba wa gaɓa ko cuta sunan mutum. Ana cewa an yi haka ne don tunawa da wanda ya fara ganowa, amma tarihi bai cika gaskata wannan da'awa ba.

Mu ɗauki bututun nan biyu masu kai ƙwai zuwa mahaifa, waɗanda ake kira da sunan Gabriele Falloppio, malamin Jami'ar Padua ta Italiya. A littafinsa na 1561 ya kwatanta su da kakaki saboda faɗin bakinsu, ya kuma rasu shekara guda bayan haka. Bayaninsa ya fi na magabata inganci, amma tun zamanin Jalinus likitocin Yunan sun ambaci bututun. Tsaransa Bartolomeo Eustachi, mai sunan bututun da ya haɗa kunne da maƙogwaro, ya kammala zane-zanensa na sassan jiki a 1552, ba a buga mafi yawansu ba sai a 1714, shekara 140 bayan rasuwarsa.

To, ina Ibn Nafis? Wannan likitan Alƙahira ya rubuta a 1242, cikin sharhinsa a kan Ƙanun na Ibn Sina, cewa jini ba ya ratsa bangon da ya raba zuciya biyu, ta huhu yake zagayowa. Turai ta manta da shi har 1924, lokacin da wani ɗalibi Bamisire, Muhyiddin al-Tatawi, ya fito da rubutun da ya tarar a ɗakin karatu na Balin. Babu wata jijiya mai sunansa. A ganina, suna ya fi bin wanda ke riƙe da alƙalami da ɗab'i a kan wanda ya riga gani.

Da sunaye suka yi yawa har gaɓa ɗaya tana amsa uku ko huɗu, masana suka taru a Basel a 1895 suka tace su, sannan taron Faris na 1955 ya fitar da sunayen mutane daga jerin hukuma. Bakin likitoci dai bai bi ba. Gajeren suna ya fi daɗin faɗa.

Abin da doka ta kasa, wani lokaci abin kunya kan yi shi. Friedrich Wegener ya bayyana wata cutar kumburin jijiyoyin jini a 1936, ko da yake Heinz Klinger ya riga shi a 1931. Daga baya aka bankaɗo cewa ya shiga rundunar ƙato-da-gora ta 'yan Nazi tun 1932, sai ƙungiyoyin likitoci suka tuɓe wa cutar sunansa a 2011. Al'amarin kuturta ya fi wannan sarƙaƙiya. An koma kiran ta cutar Hansen don a rage wa masu ita ƙyama, har Brazil ta mai da hakan doka a 1995, kuma babu shakka niyyar kyakkyawa ce. Sai dai shi Gerhard Hansen, wanda ya gano ƙwayar cutar a Bergen a 1873, ya taɓa tsira wa wata majinyaciya wuƙa mai ɗauke da cutar a ido ba da yardarta ba, kotu ta raba shi da muƙaminsa na asibiti a 1880. Macen da aka so a kare wa mutunci da sabon suna, ga irin wanda aka ɗora mata.

Cicely Williams ta bi wata hanya. Da ta ga cutar tamowa a yaran Akara ta ƙasar Gana, ta saurari abin da mutanen Ga ke kiran ta, ta rubuta shi a 1935: kwashiyoko, ciwon da yaro ke yi idan an yi masa ƙane.