Injin Niƙa da Gubar Dalma: Darasin Anka da Bukkuyum

Yau za mu leƙa yammacin Zamfara, ƙasar Anka da Bukkuyum da maƙwabciyarsu Gummi, mu duba tarihin da bai daɗe ba amma har an fara mantawa da shi. Tambayar da muke son amsawa ita ce: idan talaka ya ƙirƙiro sabuwar dabara a sana'arsa, mene ne aikin hukuma?

Haƙar zinare ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Turawan mulkin mallaka sun fara haƙarsa a Nijeriya wajejen 1913, harkar ta bunƙasa a shekarun 1930, sannan ta ja baya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Dokar ma'adinai ta 1946 ta mallaka wa gwamnatin Ingila duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Bayan samun 'yanci aka gaji wannan tsari, har sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ma'adinai mallakar gwamnatin tarayya ne. Wato manomi a Bagega gonarsa tasa ce ya noma, amma dutsen da ke ƙarƙashinta sai da izinin Abuja.

A 2007 aka yi sabuwar dokar ma'adinai. A takarda tana da kyau. Ta tanadi ofishin ba da lasisi, ta tanadi lasisi na musamman ga ƙananan masu haƙa, ta kuma ɗora wa gwamnati nauyin horar da ƙungiyoyinsu na gama-kai. Sai dai tsakanin takarda da ramin haƙa akwai tafiya mai nisa. Yawancin masu haƙa a ƙauyukan nan ba su da lasisi, kuma babu jami'in da ke zuwa ya duba irin dutsen da suke fasawa.

Daga nan sai kasuwar duniya ta motsa. Bayan rikicin tattalin arziki na 2008 farashin zinare ya yi ta hawa, a 2010 oza ɗaya ta haura dala 1,200. Manoman da a da suke zaman jiran damina suka ga hanyar samu a lokacin rani. Suka yi dabara irin ta mai neman halal: injin niƙan da ake niƙa gero da dawa da shi, shi aka juya ya koma niƙa dutse. Aiki ya yi sauri, riba ta ƙaru. Domin matan da ke cikin gida su ma su samu, sai aka riƙa kai dutsen cikin gidaje ana dakawa, ana shanyawa a tsakar gida. In ana maganar ƙirƙira a kasuwanci, wannan ƙirƙira ce ta gaske.

Abin da ba su sani ba shi ne jijiyar dutsen da suka faɗa a kai cike take da dalma. Niƙa a bushe ya mayar da ita ƙura, ƙurar ta sauka a ƙasar da yara ke rarrafe, hannu ya kai ta baki. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta Na-gari-na-kowa, MSF, ta lura yara na mutuwa da yawa bayan suma da jijjiga, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu komai. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta shiga a Dareta da ke Anka da 'Yargalma da ke Bukkuyum ya gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Jimillar yaran da suka rasu a yankin ta haura 400, dubbai kuma suka kamu. Allah ya jiƙansu.

Mu lura da wanda ya fara kawo gyara. Sarakunan gargajiya ne suka umarci a fitar da niƙan dutse daga cikin gari, jama'a kuma suka ji maganarsu domin sun san su. Likitoci suka ce ba amfanin ba yaro magani ya koma kan ƙasar da ta sa masa cutar, don haka sai an fara kwashe ƙasar. Daga 2010 zuwa 2011 ma'aikatar muhalli ta jiha tare da kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka tsabtace ƙauyuka bakwai: Dareta, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji, 'Yargalma da Tungar Guru. Ana kankare saman ƙasa, a binne ta nesa, a zubo sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, ta yi ta jira. Sai da matasa irin su Hamzat Lawal suka tayar da gangami a intanet, sannan a Janairun 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kimanin dala miliyan huɗu aka yi aikin.

Sai kuma aka ga abin da gyaran dabara ke iya yi. A 2015 irin wannan annoba ta kashe yara 28 a yankin Shikira na jihar Neja. A can MSF da wata ƙungiya mai suna OK International suka zauna da masu haƙa, suka gwada fesa ruwa a bakin injin niƙa, da wanke jiki da sauya tufafi kafin a koma gida. Awon da aka yi ya nuna dalmar da ke cikin iska ta ragu da kashi 95 cikin ɗari. Ba a hana kowa neman abincinsa ba, injin nan dai shi ne, ruwa kawai aka ƙara masa. Irin wannan ilimi ne dokar 2007 ta ce hukuma ta kai wa masu haƙa.

A Zamfara kuwa matsalar tsaro ta shigo ta sauya lissafi. A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar baki ɗaya, bisa zargin cewa akwai alaƙa tsakanin zinare da 'yan bindiga, a Maris na 2021 kuma aka hana shawagin jiragen sama. Dalilin yana da nauyi, amma hani yana da nasa farashi. Mai lasisi ya tattara kayansa, wanda ba ya tsoron doka ya ci gaba. Sana'ar da ta koma ɓoye ba a iya koya mata tsafta, domin wanda ke gudun jami'i ba zai tsaya sauraron nasiharsa ba. A gefe guda gwamnati ta fito da shirin PAGMI na yi wa ƙananan masu haƙa rajista da sayen zinarensu, har a Yulin 2020 aka gabatar wa Shugaba Buhari curin zinare mai nauyin kilo 12.5 wanda Babban Banki ya saya. A Disambar 2024 ministan ma'adinai Dele Alake ya sanar da ɗage haramcin, yana mai cewa masu haƙa ta bayan fage ne suka ci moriyarsa.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. Gana ta halatta ƙananan masu haƙar zinare tun 1989, ta kafa kamfanin gwamnati mai saye daga hannunsu, amma har yau tana fama da gurɓatar koguna. Lasisi kaɗai bai isa ba idan samunsa ya fi ƙarfin talaka, ko kuma babu mai bibiya bayan an bayar.

Tarihin nan ya nuna mana hukuma a fuska uku: wadda ba ta nan, wadda ta zo da hani, da wadda ta zo da gyara. Mutanen Anka da Bukkuyum ba su jira kowa ba wajen ƙirƙira. Abin da suka rasa shi ne wanda zai gwada dutsen kafin ya shiga gida, ya kawo ofishin lasisi kusa da su, ya sa hanya mai tsafta ta fi mai guba sauƙi da riba. Yanzu da aka sake buɗe ramuka, kuma zinare ya fi tsadar da ya yi a 2010 nesa ba kusa ba, wannan buƙata tana nan daram.

Mu marubuta muna da rabonmu a ciki. Yaran da suka tsira a Dareta da Bagega sun zama samari da 'yan mata, wasunsu da lahanin da dalma ke bari a ƙwaƙwalwa. Labarinsu ya fi yawa a rahotannin Turanci, alhali da Hausa aka yi kukan. Wanda yake daga Gummi, Anka ko Bukkuyum a cikinmu, ya tambayi dattawa da masu injin niƙa, ya rubuta abin da ya tabbatar. Allah ya kare yaranmu, ya ba yankin zaman lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.