Zare: Yadda birnin Munich ya rabu da Windows, ya rungumi Linux, sannan ya yi kome

1/ Jama'a, ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10. Da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da ake shigo mana da su daga Turai ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, alhali lafiyarsu ƙalau. Irin wannan matsin ne ya taɓa sa wani birni sukutum a Jamus ya ce ya gaji. Ku gyara zama.

2/ Munich dai kun san ta, ko don Bayern. A farkon shekarun 2000 gwamnatin birnin na da kwamfutoci wajen 14,000 a ofisoshinta, suna aiki da Windows NT 4. Sai Microsoft ya sanar zai janye tallafi daga wannan tsohuwar manhaja. Wato ku sake biyan lasisi, ku sabunta, a lokacin da kamfani ya ga dama.

3/ Majalisar birnin ta ce a duba ko akwai wata hanya. Akwai kuwa: Linux, wanda wani ɗalibi ɗan Finland, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991. Kowa na da izinin ya buɗe cikinsa, ya gyara, ya raba, ba mai tambayarsa lasisi.

4/ Nan fa hankalin Microsoft ya tashi. Steve Ballmer, shugaban kamfanin a lokacin, ya katse hutun da yake yi a Suwizalan ya taho da ƙafarsa wajen magajin gari, Christian Ude. Aka yi ta zaftare farashi har tayin Microsoft ya koma ƙasa da na masu Linux.

5/ Duk da haka a watan Mayun 2003 majalisa ta zaɓi Linux. Ku lura fa, mai tsadar suka ɗauka. Masu cewa Linux abin wanda ba shi da kuɗin lasisi ne, ga birni cikin mafiya arziki a Jamus. Abin da ya dame su shi ne wa ke da ta cewa a kan kwamfutocin da aka saya da harajin jama'a.

6/ Ude ya ba da labarin wata tafiya da ya yi a mota da Bill Gates. Gates ya tambaye shi me ya kai su ga wannan, ya ce 'yanci suke nema. Daga wa? Ya ce daga gare ka mana.

7/ Aikin, da aka raɗa wa suna LiMux, bai zo da sauƙi ba. A 2004 an ɗan dakata saboda fargabar dokokin haƙƙin ƙirƙira a kan manhaja. Sai 2006 aka fara ɗora shi gadan-gadan, da farko a kan Debian, daga baya aka koma Ubuntu.

8/ Ga wurin da na fi so ku tsaya. Ɗora Linux a kwamfuta shi ne ɗan ƙaramin aikin. Babban dutsen takardu ne. Kowane sashe yana da nasa fom, nasa tsarin wasiƙa, da ƙananan dabarun da wani ma'aikaci ya ɗinke cikin Word ko Excel shekaru da suka wuce, wataƙila ma ya yi ritaya. Dole aka bi su ɗaya bayan ɗaya, har birnin ya rubuta tasa manhajar, WollMux, don haɗe su waje guda.

9/ Ga kuma manhajojin ayyuka na musamman da ba sa tashi sai a Windows, don haka ba a taɓa rabuwa da shi ɗungurungum ba. Sannan sauran hukumomin Jamus na ci gaba da turo fayilolin Microsoft Office, a buɗe a OpenOffice ko LibreOffice a ga layuka sun goce. Duk wanda ya taɓa kai aikin makaranta shagon buga takardu ya san wannan ciwon kan.

10/ A Disambar 2013 aka ce an kammala: kwamfutoci kusan 15,000 na kan LiMux. Birnin ya ce ya ririta sama da yuro miliyan 10. Shekara goma cur.

11/ Sai siyasa ta shigo. A 2014 Dieter Reiter ya gaji Ude, aka yi sabon ƙawance a majalisa. Shi da mataimakinsa suka fara ƙorafi a fili, har da batun jinkirin haɗa musu imel a waya, abin da a gaskiya ba laifin Linux ɗin kan tebur ba ne.

12/ A 2016 Microsoft ya dawo da hedikwatarsa ta Jamus daga wani gari na kusa zuwa cikin Munich. Masu zargi sun yi ta magana. Ba wanda ya kawo hujjar an yi ciniki, don haka ni ma nan zan bar shi.

13/ A shekarar dai kamfanin Accenture ya yi wa birnin bincike, ya nuna cewa yawancin matsalar daga tsarin aiki take: sassan kula da kwamfuta a warwatse, wasu ofisoshin na fama da tsofaffin manhajoji saboda ba a sabunta musu a kan kari. Amma a Nuwamban 2017 majalisa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows 10, a kan kuɗi kusan yuro miliyan 50.

14/ A ganina an fi cutar ma'aikata. An koya musu sabon abu, sun fara sabawa, aka ce a juya. Eh, wannan Windows 10 ɗin dai da aka rufe wa ƙofa a 2025.

15/ A 2020 kuma wani sabon ƙawancen ya hau, ya rubuta cewa duk inda zai yiwu za a fifita buɗaɗɗiyar manhaja, kuma abin da aka rubuta da kuɗin jama'a a sake shi ga jama'a. LiMux dai bai dawo yadda yake da ba.

16/ Yanzu idanu sun koma arewacin Jamus. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta ce za ta mayar da kwamfutoci wajen 30,000. Su sun juya tsarin: LibreOffice tukuna, sai imel, Linux daga baya. Fayiloli kuma Nextcloud suka zaɓa, manhajar da Bajamushe Frank Karlitschek ya kafa a 2016, wadda kake ɗorawa a kan sabarka ka riƙe kayanka da kanka. Ita ce dai wadda za ka iya ɗorawa a tsohuwar kwamfutar da ke ajiye a ɗaki, in kana da wuta da intanet mai tsayawa.

17/ A watan Oktoban 2025 jihar ta sanar ta gama kwashe akwatunan imel sama da 40,000 daga Exchange da Outlook zuwa Open-Xchange da Thunderbird. An sha ƙorafi a hanya, musamman daga ɓangaren kotuna. Ɗora Linux a kan teburin ma'aikata shi ne matakin da suka sa a gaba.