Ajiyar Bayanai a Girgije: Yadda Take Aiki da Dalilin Amfani da Ita

Ajiyar bayanai a girgije wata hanya ce ta adana takardu da hotuna da sauti da bidiyo a cikin kwamfutocin wani kamfani ko wata hukuma, inda mai ajiyar yake aikawa da su ta intanet, ya kuma ɗauko su ta nan duk lokacin da ya buƙata. Sunan ya samo asali ne daga al'adar masana na'ura ta zana intanet da siffar girgije a taswirar aikinsu. Amma babu abin da ke rataye a sararin sama. Bayanan suna nan a ƙasa, cikin gine-ginen da ake kira cibiyoyin adana bayanai.

Irin wannan cibiya tana ɗauke da dubban kwamfutoci jere a kan kantoci, kowace da faya-fayan ajiya, suna aiki dare da rana. Saboda zafin da suke fitarwa, ba a raba su da na'urorin sanyaya ɗaki, kuma akan tanadi batura da janareto domin kada aiki ya tsaya idan wuta ta ɗauke.

Idan mutum ya aika da takarda daga wayarsa, ana sakaya ta ta yadda wanda ya tare ta a hanya ba zai iya karantawa ba. Da ta isa, manyan kamfanoni ba sa barin ta a faifai guda. Sukan yi kwafinta a faya-fayai da dama, sau da yawa ma a gine-gine daban-daban. Faifai yana lalacewa kamar kowace na'ura. Idan ɗaya ya mutu, sai tsarin ya sake yin wani kwafin daga waɗanda suka rage, mai takardar bai ma sani ba. Wannan maimaita kwafi shi ne ƙashin bayan tsarin baki ɗaya.

Kamfanin Amazon na ƙasar Amurka ya buɗe ma'ajiyarsa mai suna S3 a shekarar 2006, Dropbox ya fito a 2008, iCloud na kamfanin Apple a 2011, sai Google Drive a 2012. Google yana bai wa kowane asusu gigabait 15 kyauta, wanda ya haɗa da saƙonnin Gmail da hotuna, Apple kuma yana ba da gigabait 5. Wanda ya cika nasa sai ya biya kuɗin wata ko na shekara. Jama'a da yawa suna amfani da tsarin ba su sani ba, misali wanda ya sayi sabuwar waya ya ga lambobinsa da hirarrakinsa na WhatsApp sun dawo.

Babban dalilin rungumar wannan hanya shi ne tsira daga asara, wato satar waya, lalacewar kwamfuta, ko gobara da ambaliya. Har ila yau ma'aikata da dama za su iya aiki a kan takarda guda daga garuruwa daban-daban, kuma ƙaramin ofis ba sai ya sayi manyan na'urori ba, sai dai ya biya gwargwadon abin da ya ajiye. A Nijeriya, Gwamnatin Tarayya ta kafa kamfanin Galaxy Backbone a 2006 domin yi wa ma'aikatu irin wannan hidima, hukumar NITDA kuma ta fitar da manufar ƙasa kan amfani da girgije a 2019.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ɗauka cewa abin da ya shiga girgije ya tsira ke nan. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wata cibiyar kamfanin OVH a birnin Strasbourg na ƙasar Faransa, wasu abokan hulɗarsa kuma suka rasa bayanansu domin ba su da kwafi a wani wuri. Akwai kuma kuskuren da ya fi wannan yawa: idan an haɗa waya da ma'ajiyar, goge takarda a wayar kan goge ta a can ma. Google Drive yana riƙe abin da aka goge na kwana 30 kacal kafin ya tafi har abada. Haka nan tun daga Disamban 2023 Google na iya rufe asusun mutum da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba.

Dangane da tsaro, mabuɗin ma'ajiyar yana hannun mai asusu. Ana shawartar jama'a da su zaɓi kalmar sirri mai wuyar zato, su kunna tabbaci na biyu da ke neman wata lamba daga wayarsu, kada kuma su faɗa wa kowa wannan lamba ko da ya ce daga kamfanin yake. Takardu masu muhimmanci, kamar shaidar karatu da takardar fili, a ajiye kwafinsu na biyu a filashi ko faifai a gida.

Ma'aikatu da kamfanonin da ke riƙe bayanan jama'a su sani cewa Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da irin waɗannan bayanai zuwa ƙasashen waje. Don haka wajibi ne jami'i ya binciki ƙasar da cibiyar take kafin ya ɗora bayanan ma'aikata ko na marasa lafiya a kanta.