Kalmar da ta sauya ubangida

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Akwai wata kalmar aikatau a Ingilishi, "terrorize", wadda ke nufin jefa tsoro cikin zukatan jama'a da gangan domin a tanƙwara su. Duk wanda ya zauna ajin Faransanci zai gane ƴar'uwarta "terroriser". Tushensu guda ne, "terrere" ta harshen Latin, wato razanarwa.

Abin lura shi ne wanda aka fara liƙa wa kalmar. A shekarun 1793 da 1794 gwamnatin juyin juya halin Faransa ta mai da tsoro makamin mulki. Kotuna suka yanke wa mutane sama da 16,000 hukuncin kisa, kafin a fille kan Robespierre shi ma a watan Yulin 1794. Wannan zamani ake kira "la Terreur". Daga gare shi aka ƙago "terrorisme", wadda ta shiga Ingilishi a 1795, aikatau ɗin kuma ya biyo baya a farkon ƙarni na 19. Ke nan a asali mai riƙe da mulki ne ke razana talakawa.

Sannu a hankali reshe ya juye da mujiya. A 1881 ƴan ƙungiyar Narodnaya Volya suka kashe Sarkin Rasha Alexandre na 2 da bam. Daga wannan zamani kalmar ta dinga komawa kan masu yaƙar hukuma, har aka kusa mance mafarinta.

Mu kam bai kamata mu mance ba. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Lugu, garin Sarauniya Mangu, ta karkashe mutanen Birnin Ƙonni, don sauran garuruwa su ji su miƙa wuya. Wannan ita ce ma'anar farko, sanye da kakin soja.

Bahaushe kuwa ya ce ta'addanci, daga Larabci "ta'adda", ƙetare iyaka. Bature ya dubi zuciyar wanda aka firgita, Bahaushe ya dubi hannun mai ɓarna. Ma'aunin nan bai tambayi rigar da mutum ya sa ba.

Saboda haka, ƴan'uwa malamai, ranar da ɗalibi ya nemi ma'anar kalmar nan, kada mu tsaya ga ƙamus. Mu koya masa ya tambayi wanda ya aikata, da wanda aka aikata wa, da kuma wanda ya raɗa sunan.