'Yan Dakon Sukari: Tarihin Wani Awo

A cikin shekarar 1929 ne layin dogo ya iso Kaura Namoda daga Zariya, gyaɗar ƙasashen Shinkafi da Zurmi ta sami hanyar fita. Duk ranar da lodi ya yi yawa a tasha, dabara biyu ce gaban mai kaya: ko ya matsa wa 'yan dakon da ke wurin su ƙara sauri, ko kuwa ya aika a kirawo waɗanda ke hutawa. Irin wannan tambaya ce ta daɗe tana damun masanan ciwon sukari.

Asalin maganar kuwa shi ne, a 1921 Frederick Banting da Charles Best suka tace sinadarin insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, a 1922 aka fara yi wa majinyaci allurarsa. Maganin ya ceci rayuka, amma ba a san yadda yake aiki ba. Sai a 1949 Rachmiel Levine da abokan aikinsa a Shikago suka nuna cewa insulin yana sauƙaƙa wa sukari ratsa fatar ƙwayoyin halittar jiki. Daga nan aka fahimci akwai wasu 'yan dako a jikin fatar masu shigar da sukari ciki. To, sauri insulin yake ƙara musu, ko yawa?

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A 1964 Martin Rodbell ya gano hanyar ware ƙwayoyin kitsen ɓera ɗaya-ɗaya da ransu, awo ya yiwu. A 1980 Samuel Cushman da Lawrence Wardzala, a Bethesda ta Amurka, suka ware fatar ƙwayar daga abin da ke cikinta da na'ura mai juyawa da tsananin gudu, sa'an nan suka ƙidaya 'yan dakon kowane kashi da wani sinadari na fumfuna wanda ke manne musu. Suka tarar idan babu insulin, mafi yawansu suna ɓoye a ciki. Da an zuba shi, sai na ciki su ragu, na fata su ƙaru cikin 'yan mintoci. A shekarar nan kuma Kazuo Suzuki da Tetsuro Kono na Jami'ar Vanderbilt suka bi wata hanya dabam, suka iske abu guda. Watau kiran masu hutawa insulin yake yi. A 1989 aka tantance ƙirar ɗan dakon, wanda aka raɗa wa suna GLUT4.

Wannan tarihi ya shafi ɗalibi da ma'aikaci. A nau'in ciwon sukarin da ya fi kama manya, sau da yawa insulin yana nan a jini, sai dai 'yan dakon ba su amsa kiransa sosai, sukari ya taru ya lahanta ido da ƙoda da ƙafa. Har wa yau bincike ya nuna cewa motsa jiki yana fito da su a tsoka ta wata hanya wadda ba ta jiran insulin. Saboda haka manomin Zurmi da ke noma da fartanya yana samun wata gajiya wadda mai wuni kan kujerar ofis ba ya samu, sai fa in ya tashi ya nema da ƙafarsa.