Ruwan Sukari da Sunayen da Ya Tara a Hanya

Ana saura kwana uku a ɗauki azumi 'yar ƙanwata ta shigo wurina da waya a hannu. Tana so ta fara sayar da zoɓo da lemo lokacin buɗa-baki, ga shi duk bidiyon da ta kalla sai mai koyarwar ta ce a zuba wani abu wai shi "simple syrup".

"Kawu, me ake ce masa da Hausa? Kuma a wane kanti ake samunsa?"

Na ce ta shiga cikin gida ta tambayi kakarta, idan za a yi alkakin gara, a cikin me ake tsoma shi bayan an tsame shi daga mai. Ba ta daɗe ba ta dawo tana dariya. "Kawu, ashe ruwan suga ne!"

Shi ne kuwa. Sukari da ruwa, a ɗora a wuta har sukarin ya narke ya ɓace, a sauke ya huce. Gwangwanin sukari ɗaya da gwangwanin ruwa ɗaya za su ba ka kusan gwangwani ɗaya da rabi, domin narkakken sukari yana shigewa cikin ruwa ne, ba ya cin wurin da yake ci yana gari. Amfaninsa ga mai zoɓo a fili yake. Sukari ba ya son ruwan sanyi, in ka zuba shi a kan ƙanƙara sai ya kwanta a ƙasan kofi, saman ya zama salam, ƙarshen ya ƙwaƙe maƙogwaro da zaƙi. Wanda aka riga aka narkar kuwa nan take yake bin jikin abin sha. Dariyar yarinyar ce ta tsaya mini a rai, domin abin da ta girma tana lasa a bakin tukunya ne ya zo mata da baƙon suna har ta kasa gane shi.

Kalmar farko ta sunan Turancin ita ce ta fi ruɗar masu fassara. Na sha ganin an rubuta "mai sauƙi", kuma gaskiya haɗa shi ba wuya, amma sunan ba daga nan ya fito ba. Daga shagon masu haɗa magani na Turai ya fito, inda ake kiransa da Latin "syrupus simplex". A wurinsu akwai magani haɗaɗɗe, mai kayan haɗi da yawa, akwai kuma wanda abu ɗaya ne tak. Wannan ruwan ba a sa masa saiwa ko ganye ko ƙanshi ba, shi ne tushen da ake zuba magani mai ɗaci a ciki don ya shawu. Ke nan kalmar Hausar da ta dace da shi ita ce zalla, ko tsantsa. Har yau kundin ƙa'idojin magunguna na Birtaniya ya ƙayyade ma'auninsa: a cikin giram 1000, giram 667 sukari ne, wato kashi biyu cikin uku. Ba a banza aka tsaya a wannan adadi ba. Ruwan da ba a ɗumama ba iyakar abin da yake iya narkarwa kusan ninki biyu ne na nauyinsa, kuma idan sukari ya kai haka yawa yakan riƙe ruwan kam, ƙwayoyin cuta da fumfuna su rasa damshin da za su rayu da shi. Shi ya sa na gwangwanin sukari biyu da na ruwa ɗaya yake daɗewa, na ɗaya da ɗaya kuwa ko a firiji bai cika wuce wata guda ba.

Kalma ta biyu kuwa ba ta Turawa ba ce. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san "shariba" a Larabci, ya sha, kuma ya san "sharab", abin sha. Likitocin daular Musulunci sun yi amfani da sharab ga maganin da aka dafa da sukari ko zuma, kuma littafi na biyar na Alƙanun na Ibn Sina, wanda ya ƙunshi haɗaɗɗun magunguna, ya yi bayanin ire-irensa. Da aka juya littattafan nan zuwa Latin, ciki har da aikin da Gerard na Kiremona ya yi a birnin Toledo a ƙarni na 12, sai sharab ta zama "siropus". Faransawa suka ce "sirop", Ingilishi suka karɓa daga wurinsu wajen ƙarshen ƙarni na 14. A nan sai a yi hattara da abu guda: "sha" ta Hausa tana kama da sharab a kunne, amma ba aro ba ce, tsohuwar kalma ce da Hausa ta gada tare da 'yan uwanta na dangin harsunan Cadi.

Babu inda saiwar sharab ta yi rassa kamar a bakin Turkawa. Kalmomi uku suka ciro daga cikinta, kowace da aikinta: "sharap" giya ce, "shurup" shi ne maganin ruwa ko kakkauran ruwan zaƙi, "sherbet" kuma abin sha mai sanyi, sannan shi ne ruwan sukarin da ake kwarara wa kayan zaƙinsu na baklawa. Daga sherbet ɗin nan Italiyawa suka sami "sorbetto", ƙanƙarar 'ya'yan itace. Dubi yadda sauyin wasali ya raba halal da haram.

Su kuwa Larabawan da suka ba duniya kalmar, idan ka shiga madafarsu yau ba sharab za ka fi ji ba. A ƙasashen Sham "ƙaɗar" suke cewa, daga kalmar ɗiga, domin abu ne da yake ɗiga daga cokali. A Iraƙi da ƙasashen Tekun Fasha "shira" ce, aro daga Farisanci. Misirawa kuma "sharbat". A Indiya "cashni" ake ce masa, ita ma daga Farisanci, kuma masu kayan zaƙi a can ba sa buƙatar ma'aunin zafi. Sukan ɗiga shi tsakanin babban yatsa da manuni su buɗe a hankali, su ce ya kai zare ɗaya, ko zare biyu, ko uku, kowane mataki da irin zaƙin da ake yi da shi. Ranar da na fara jin haka sai goggona, Allah ya jiƙanta, ta faɗo mini a rai. Haka take yi sak, sai dai ita ba ta ƙirga zare. Takan taɓa ta ce, "Bai kama ba tukuna, a ƙara masa wuta," jim kaɗan ta sake taɓawa ta ce, "To, ya yi danƙo, sauke." Danƙo da kamawa su ne ma'aunin matan Hausa, kuma ban taɓa ganin sun ba su kunya ba.

Abin da ake narkarwar ma suna biyu gare shi a bakinmu. Sukari ya biyo Larabawa, daga "sukkar", suga kuwa ya biyo Turawa, wasu ma siga suke cewa. Amma kakansu ɗaya. Larabawa sun karɓa daga Farisa, Farisa daga Indiya, inda a tsohon harshen Sanskirit "sharkara" take nufin tsakuwa ko ɓurɓushin dutse. Mutanen da suka fara daskarar da ruwan rake sun dubi ƙwayoyin da suka fito suka kira su da abin da suka yi kama da shi. Duk mai dafa ruwan sukari ta san cewa sukari bai manta asalinsa ba. In aka yi sakaci, in ƙwaya ɗaya ta maƙale a gefen tukunya, ko aka yi ta juyawa bayan ya tafasa, yana hucewa sai ya koma tsakuwa a gindin kwalba. Maganin abin yana hannun iyayenmu tun da daɗewa: ruwan tsamiya ko matsin lemon tsami. Tsami da zafi sukan raba wani ɓangare na sukarin gida biyu, gulukos da furuktos, waɗannan biyun kuma sukan shiga tsakani su hana ƙwayoyin sake haɗuwa. Matar da take jiƙa tsamiya kafin ta dafa sugan alkaki ba ɗanɗano kaɗai take nema ba, so take alkakinta ya yi sheƙi har ya isa gidan ango bai yi fari-fari ba. Shi ma alkakin daga "alka'ak" ta Larabci ya zo, kamar yadda alewa ta zo daga "halawa".

Akwai wanda ya taɓa ce mini me ya sa ba za mu ce maɗi kawai ba, tunda kalma ce tamu ta gado. Na so in yarda da shi, don ina ƙaunar kalmar, amma ba ta zauna ba. Maɗi daga ɗan itace ko kara yake fitowa, ɗinya ko rake, a dafa ruwansa har ya yi duhu ya yi kauri, yana ɗauke da ƙanshin abin da aka yi shi da shi. In aka ci gaba da dafa ruwan rake har ya daskare, mazarƙwaila ke nan, irin wadda ƙasar Maƙarfi ta yi suna da ita. Shi kuwa abin da muke magana a kai, fari ne tas, ba shi da wani ƙanshi nasa, kuma wannan rashin shi ne sana'arsa: ya ba zoɓo zaƙi ya bar zoɓo ya zama zoɓo. In muka laƙaba masa maɗi mun yi asara biyu, ba mu kira shi daidai ba, kuma mun goge ma'anar kalmar da yaran birni da yawa tuni ba su san ɗanɗanonta ba.

To me zai hana mu ari "sirop" ɗin, kamar yadda muka ari suga? A Nijar, inda Faransanci yake, kalmar tana nufin kwalbar ruwan zaƙi da ake sirkawa da ruwa, tana kuma nufin magani. A Najeriya kuwa ɓangaren maganin ne kawai ya iso kunnen talaka: sirop na tari, sirop na zazzaɓin yara. Daga baya kalmar ta ɗauki wani nauyi mai ciwo. Iyaye da yawa a Kano da Jigawa da sauran garuruwanmu sun ga abin da kwalbar kodin ta yi wa 'ya'yansu maza da mata, har a watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, jim kaɗan bayan wani rahoton bincike na BBC. Ba zan so 'yar ƙanwata ta rubuta a jikin kularta cewa zoɓonta da sirop a ciki ba, kuma na tabbata mahaifiyar mai saye ma ba za ta so ba.

Don haka na tsaya a kan ruwan sukari. Aibinsa ɗaya ne, yana iya nufin ruwan sanyin da aka kaɗa wa sukari aka ba wanda jiri ya ɗiba. Wannan kuwa kalma ɗaya ta gyara shi: dafaffen ruwan sukari. In na ɗaya da ɗaya ne a ce tsinkakke, in na biyu da ɗaya ne a ce kakkaura, in ba a sa masa komai ba a ce zalla. In an jefa citta ko kanumfari ko na'ana'a yana kan wuta, sai a kira shi da sunan abin da aka jefa. Da waɗannan kalmomi mai koyarwa za ta iya faɗin duk abin da bidiyon nan suke faɗi, kuma kakar yarinyar za ta gane ta ba tare da tafinta ba.

Akwai wani nau'i da masu haɗa abin sha a Turai da Amurka suka yi yayinsa a ƙarni na 19, Faransawa suna ce masa "sirop de gomme". Kakkauran ruwan sukari ne da aka narkar da wani danƙon itace a ciki, yana sa abin sha ya yi santsi a harshe, yana kuma taimakawa wajen hana sukarin daskarewa. Turawa sun laƙaba wa danƙon sunan Larabawa saboda ta hannun fatakensu ya riƙa isa gare su, amma itacen a ƙasashen Sahel yake tsiro, Sudan ce kan gaba wajen fitar da shi, sai Cadi da Najeriya, daga dazuzzukan Borno da Yobe da Jigawa. Da na nuna wa yarinyar hotonsa sai ta kai wa kakarta. Tsohuwar ta duba sau ɗaya ta ce ai ƙaro ne, na jikin dakwara, wanda malam yake sa wa tawada, masu wankin hula kuma suke sa wa hula ta tsaya. Ta aiki yaro kasuwa ya sayo na naira ɗari biyu, suka jiƙa shi ya kwana, washegari suka tace suka zuba a tukunyar sukari.