Tarihin Majigi da Ɗakunan Karatu na Jama'a a Jihar Arewa

2.0 Gabatarwa

Wannan babi ya duƙufa ne wajen bin sawun dangantakar da ke tsakanin ɗakin karatu na jama'a, wato laburare, da kuma nunin fim na kyauta wanda Hausawa suka sani da sunan majigi. Sanin kowa ne cewa idan aka ambaci laburare, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne wani ɗaki tsit inda ɗalibai ke bitar jarrabawa. Amma ba haka waɗanda suka tsara manufarsa suka nufa ba. Sanarwar da hukumar UNESCO ta fitar a shekarar 1949 game da laburaren jama'a ta nuna cewa wuri ne na kyauta ga kowa, kuma ta lasafta fim da hotuna da faya-fayai cikin kayan da ya kamata a samu a cikinsa tare da littattafai. Abin da babin ke son nunawa shi ne, a Jihar Arewa an samar da ɗakin karatu da majigi kusan lokaci ɗaya kuma don manufa ɗaya, amma hukuma ta bar kowanne ya kama gabansa, kuma wannan rabuwa ta jawo wa dukkansu hasara.

2.1 Samuwar Majigi

Masana sun nuna cewa kalmar majigi ta samo asali ne daga sunan Ingilishi na wata na'ura mai fitila wadda ke haska hotuna marasa motsi a jikin bango. Da hotuna masu motsi suka zo, sai sunan ya bi su. Akwai kuma waɗanda suka riƙa kiran abin dodon bango, wanda ke nuna irin ɗari-ɗarin da aka yi da shi da farko.

Wanda ya assasa amfani da fim wajen wayar da kai a Nijeriya shi ne wani jami'in kiwon lafiya mai suna William Sellers. A ƙarshen shekarun 1920, lokacin da annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta addabi Ikko, ya fara amfani da fim don nuna wa jama'a yadda cutar ke yaɗuwa. Daga nan aka shirya motoci masu ɗauke da na'urar haska fim da injin ba da wuta suna zagaya ƙasa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a shekarar 1939, gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya fim don ƙasashen da take mulka, ta kuma ɗora Sellers a kansa. Manufar farko a bayyane take, wato a jawo hankalin talakawa su goyi bayan Ingila da mutane da dukiya. Bayan yaƙi sai aka karkata ga tsafta da noma da biyan haraji da ajiyar kuɗi. Sashen ya ci gaba da aiki har shekarar 1955, lokacin da gwamnatocin jihohi suka riga suka fara mallakar nasu.

Yana da kyau a tsaya a kan irin tunanin da aka gina waɗannan finafinai a kansa, domin ya shafi yadda aka ɗauki mai kallo. Sellers ya yi imani cewa Baƙar fata da bai je makaranta ba, ba zai iya bin fim irin na Turai ba. Saboda haka ya shimfiɗa ƙa'ida cewa a riƙa ɗaukar hoto a hankali, kada kyamara ta cika motsi, kada kuma a tsallake wani mataki na aiki. Labarin ma yakan zama na mutum biyu ne, mai hikima da wawa: mai hikima ya bi shawarar hukuma ya ci riba, wawa ya ƙi ya taɓe. Turawan sun riƙa yayata labarai don kare wannan ra'ayi, kamar na 'yan kallon da aka ce an nuna musu sauro an ƙara girmansa a allo, suka ce su a garinsu babu sauro mai wannan girma. Binciken da Peter Morton-Williams ya gudanar a ƙauyukan Nijeriya a farkon shekarun 1950, har da na Hausawa, ya raunana wannan da'awa, domin ya tarar mutane suna fahimtar abin da aka nuna musu sarai. Inda suka ƙi bin shawarar, ba rashin ganewa ba ne, ko dai ba su da halin yi ne, ko kuwa shawarar ta saɓa wa abin da suka sani game da gonarsu da gidansu.

A Arewa majigi ya shigo ta ƙofar sarauta. Akan sanar da hakimi ko dagaci tun kafin motar ta iso, a yi shela, bayan sallar isha a kafa farin allo a ƙofar fada ko a wani fili. Akan fara da labaran duniya, sannan fim na koyarwa, wani lokaci a rufe da na barkwanci. Ginshiƙin abin kuwa shi ne mai bayani, wanda ke riƙe da lasifika yana fassara da Hausa, yana ƙara gishiri inda ya ga mutane sun fara gajiya. Ba a biyan ko anini, kuma yara da manya duk sukan halarta. Fim ɗin da ya fi zama a zukatan mutane shi ne Baban Larai, wanda aka shirya a shekarun 1950 don koyar da noman auduga na zamani, har sunan ya kusa zama wani suna na majigin kansa.

Wannan ya bambanta majigi da silima ta kuɗi. A Kano an buɗe silimar Rex a shekarar 1937 a wajen ganuwa, kuma malamai da dattawa suka ɗauki gidajen silima a matsayin matattarar 'yan iska. Gobarar silimar El Duniya a watan Mayu na 1951, wadda ta ci rayukan mutane 331, ta ƙara ƙarfafa wannan ƙyama, haka kuma buɗe silimar Palace a cikin birni a 1952 ya gamu da adawa mai tsanani. Brian Larkin, a littafinsa na shekarar 2008 kan kafofin yaɗa labarai a Arewacin Nijeriya, ya nuna cewa majigi bai gamu da irin wannan tsangwama ba, tun da a fili ake yin sa, da yardar sarki, kuma da sunan ilmantarwa. Ke nan tun kafin samun mulkin kai akwai wata hanya ta tara jama'a don ilimi wadda al'umma ta amince da ita.

2.2 Ɗakunan Karatu na En'e

Kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa ba baƙuwar littafi ba ce. Malamai suna da tarin littattafan Larabci da na ajami a zaurukansu, ana aro ana kwafa. Sai dai waɗannan mallakar mutum ɗaya ne ko zuriya ɗaya, ba na hukuma ba. Ɗakin karatu na kowa da kowa ya yaɗu ne a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma dalilin da ya haifi sashen fim shi ne ya haife shi: ana son jama'a su ji labarin yaƙi daga bakin hukuma. Aka buɗe ɗakuna a manyan garuruwa ƙarƙashin En'e, aka zuba musu taswirori da mujallu da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu na 1939.

Bayan yaƙi da yawa daga cikin ɗakunan suka shiga wani hali. Littattafan galibi na Ingilishi ne, waɗanda ba su dace da masu karatun ba, ma'aikatan kuma ba su da horo. Wannan ya sa a shekarar 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, wanda ya riƙa aika akwatunan littattafai zuwa ɗakunan En'e da makarantu, yana kuma ba ma'aikatansu gajeren horo. A shekara mai bi UNESCO ta shirya taron ƙara wa juna sani a Ibadan kan bunƙasa laburaren jama'a a Afirka. A daidai wannan lokaci ne gwamnatin Arewa ta ɗaura ɗamarar Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA kuma ta shiga buga ƙananan littattafai da jaridu da Hausa da wasu harsuna domin sababbin masu karatu.

2.3 Inda Aka Raba Hanya

Idan aka yi la'akari da abin da ya gabata, za a ga cewa a shekarun 1950 duk kayan aikin sun haɗu. Ga majigi mai tara ɗaruruwan mutane a dare ɗaya, ga azuzuwan Yaƙi da Jahilci, ga littattafan Hausa masu araha, ga kuma ɗakin karatu a garin. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai ɗinke su. Motar majigi takan kwana ɗaya ko biyu ta wuce, wata ƙila ba za ta dawo ba sai bayan watanni. Manomin da ya ga yadda ake feshin auduga a allo, idan tambaya ta taso masa washegari, ba shi da inda zai kai ta. Ɗakin karatun da ya kamata ya zama mazaunin wannan tambaya ya zama wurin malaman makaranta da akawuna da 'yan Midil, wato 'yan tsirarun da suka iya boko. Mata kuwa, musamman matan aure da ke cikin kulle, kusan babu su a lissafin ɗakin.

Akwai dalilin da ya sa haka. Majigi na hannun jami'an watsa labarai ne, waɗanda aikinsu shi ne isar da saƙon gwamnati, ba sauraron amsa ba. Da siyasar jam'iyyu ta kankama, sai allon ya cika da hotunan rangadin Firimiya Sa Ahmadu Bello da bukukuwan buɗe ayyuka, abin da ya sa 'yan adawa, musamman magoya bayan NEPU, suke kallonsa a matsayin kakakin jam'iyyar NPC. Shi kuwa ma'aikacin laburare an horar da shi ne a kan tsara littattafai da kiyaye su, kuma ana auna ƙwazonsa da yawan littafin da aka ara. Babu wanda aka ɗora wa alhakin mutumin da bai iya karatu ba amma yana son sani, alhali kuwa irinsa ne suka fi yawa.

Inda aka ga haɗuwar littafi da fim a ƙarƙashin rufi ɗaya shi ne cibiyoyin ƙasashen waje. British Council, wadda ta fara aiki a Nijeriya a shekarar 1943, ta buɗe laburare a Kano da Kaduna, haka ma ofishin watsa labarai na Amurka ya buɗe nasa a Kaduna. Waɗannan sukan shirya nunin fim da laccoci da muhawara. Sai dai harshensu Ingilishi ne, masu halarta kuma 'yan boko ne na birni, sannan kowace cibiya hajar ƙasarta take tallatawa, musamman a zamanin yaƙin cacar baka. Sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne, amma ba su kai shi ga mutanen da majigi ke tarawa a ƙofar dagaci ba.

A shekarar 1963 F. A. Sharr, wani masanin laburare daga Ostareliya, ya miƙa rahoto kan bukatun Jihar Arewa ta wannan fanni. Daga cikin abin da ya biyo bayan rahoton akwai buɗe sashen koyar da aikin laburare a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1968. Amma kafin a ci moriyar tsarin sosai, an rushe Jihar Arewa a 1967 an yi jihohi shida, aka rarraba kayan laburaren Kaduna a tsakaninsu, kowace jiha ta koma tana farawa daga tushe da ɗan abin da ta samu.

Shi ma majigi tasirinsa ya riƙa raguwa. An buɗe gidan talabijin na Kaduna a 1962, rediyo mai batir ya shiga ƙauyuka, kuɗin gyaran motoci da sayen fim kuma ya riƙa gagarar ma'aikatun jihohi, balle bayan matsin tattalin arzikin da ya biyo shirin SAP na 1986, wanda ya sa littafin waje ma ya fi ƙarfin laburare. A shekarar 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan kallon fim na Hausa ya koma cikin ɗakuna da gidajen kallo na unguwa, inda mai shiga sai ya biya.